Rumfar da Ta Bi Bappa Kushewa

Na Allah muke, gare Shi za mu koma, Bappa kuwa ya riga mu. Amma ni dai tun da nike ban taɓa ganin zaman makoki irin nashi ba, inda mutane sunka zo gaisuwa da hawaye sunka koma gida suna gunaguni.

Bazara ce, irin wadda ko akuya ba ta barin gindin bango. Duk wanda ya taso daga Guéné ko Toumboutou ya san inda zai nufa in ya shigo ƙauyen: rumfar ƙofar gidan Bappa, wadda anka yi shekara da shekaru ana zama ƙarƙashinta. Sai su iske dirkoki tsaye, sama babu komi, tabarmi shimfiɗe cikin rana tsaka. Wani limami da ya zo kan babur daga Madécali ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa, ya share zufa da bakin rawani, ya ce, "Allah shi jiƙan malam. Ko da ya mutu sai da ya gasa mu." 'Yan kasuwar Malanville, abokan mahaifina, a tsaye sunka yi fatiha sunka koma cikin motocinsu. Wani Bafillace ya aje goran nono bakin zaure, ya daɗe tsaye yana kallon dirkokin, ya juya ya tafi. Wata tsohuwa Badanda, 'yar ƙabilar Dandawa daga bakin gulbi kuwa, da anka gaya mata inda rumfar ta tafi, sai ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, har sai da munka ja ta cikin gida.

Ina ciki wurin mata, ina leƙen su ta kafar zana. Bappa wan mahaifina ne. Tun ina ƙarama anka ba matarshi riƙona, ita nike kira Inna, a gidansu na tashi har anka yi mini aure na dawo Malanville, inda nike saida hatsi da muruci a kasuwa. Sunan mahaifiyarsu anka sa mini, shi ya sa Bappa bai taɓa kirana da komi ba sai Uwata. Tun ranar da anka rufe shi hankalina bai kwanta ba. Tsorona kada a tuna da shi a matsayin tsohon nan mai taurin kai wanda ya zaunar da mutane a rana, a manta dalili. Taurin kai kam yana da shi, ni shaida ce. Amma akwai dalili.

Bayan ƙauyen akwai dajin giginya, na gari ne baki ɗaya, Bappa ne shugaban komiten da ke kula da shi. Can cikin dajin akwai wani wuri da muke kira Tudu, inda tsofaffin giginyu suke, waɗanda ko kakanmu a tsaye ya iske su. Ba a sara a Tudu. Daga can ne ƙwallon giginya ke faɗowa da bazara, mata su tsinto su binne a rami, bayan damina su tono muruci su dafa su kai kasuwa. Da muruci mata da yawa sunka yi wa ɗiyansu kayan ɗaki, har da ni.

Tsarin da Bappa ya gada, ya kuma riƙe da haƙori, shi ne rabon daji. Duk wanda ya ci daji sai ya bar mishi wani abu. Mace in ta tsinci ƙwallo, kafin ta binne nata sai ta ware ƙwarya guda a dasa cikin daji, wannan ba a tonowa. Makiyayi in ya ratsa da shanu, shi ke share hanyar wuta in ciyawa ta bushe. Manomi in ya yanki ganye ko ya ɗauki busasshen icce, da kaka sai ya auna wa masu gadi hatsi. Tambayar Bappa guda ce, har yara na kwaikwayonshi a dandali. In ya gamu da kai ka fito daji da kaya, ba ya amsa gaisuwa sai ya dogara sanda ya ce, "Mi ka bar ma daji?" Ko Inna ba ta tsira ba. Ranar da akuyarta ta cinye 'yan giginyu masu tasowa, gaban mutane ya ɗora mata ƙwarya biyu. Ta biya, amma ya yi kwanaki yana shan miya ba gishiri.

Ina budurwa poroje ya zo, wani aikin tallafi na kula da daji. Fararen motoci, allo babba bakin hanya, kekuna da takalma ga masu gadi, da albashi duk wata. Wanda ya jagorance su saurayi ne mai ladabi, ba ni da abin aibata shi. Ƙarƙashin rumfar nan ya zauna yana bayani, ina kawo musu ruwa. Da ya gama, Bappa ya ce, "Ɗana, maganarka ta yi daɗi. Yaushe za ku tashi?"

Saurayin ya yi murmushi. "Baba, yanzu munka zo. Za mu daɗe tare da ku."

"Wanda ya dasa giginya, jikanshi ka yin azara da ita. Za ku kai haka?"

Anka yi dariya, har saurayin. Bappa bai yi ba.

Poroje bai cuci kowa ba, ya ma yi aiki. Abin da ya ɓata, bai san ya ɓata ba. Da masu gadi sunka fara karɓar albashi, manoma sunka ce, to mi za mu auna musu, ai sun fi mu. Makiyaya sunka ga ana biyan samari su share hanyar wuta, sunka aje addunansu. Bappa ya bi gida gida yana roƙo kada a daina, ko kwano guda ne a riƙa bayarwa don hannu ya saba. Anka ce tsoho bai son ci gaba. Mata kaɗai sunka ci gaba da kai ƙwaryarsu, su ma don ba wanda ya tuna ya biya su komi ne. Shekaru kaɗan, wata rana anka wayi gari motocin ba su zo ba. Allon na nan har yau, rana ta cinye rubutun. Albashi ya tafi, hatsin kuma bai dawo ba.

A nan rigimarshi da mahaifina ta taso. Baba ɗan kasuwa ne a Malanville, azara yake saidawa, yana da kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya. Ba ɓarawo ba ne, kada wani ya ce na ce. Yakan je biro, ofishin gandun daji, ya biya, a ba shi izinin sara a inda anka yarda a sara. Sai dai abin da ya biya a gari yake tsayawa, ko dala ba ta taɓa takowa ƙauyen ba. Bappa ya ce ba a yi adalci ba: mace mai ƙwarya ta bar wa daji rabonshi, mai kamiyo ya kwashe lodi ya bar kututture. Ya ce duk kamiyon da ya fito daji sai ya aje wa masu gadi buhun hatsi. Baba ya ce shi ya biya inda doka ta ce, ba ya biya sau biyu.

Na zo ganin Inna ranar, da idona na gani. Kamiyon Baba ya fito daji da lodi, sai ga Bappa ya shimfiɗa buzunshi tsakiyar hanya ya zauna, sanda kan cinya. Direba ya yi ta oda, ko motsi. Baba ya sauko, rigarshi fara tas.

"Yaya, tashi mutane na kallo."

"Su kalla. Mi ka bar ma daji?"

"Na ce maka na biya a biro."

"Biro ka kwana cikin daji yana korar masu gatari? Yaran ga da yunwa suke gadin abin da kake ci."

"Ni za ka tozarta gaban direbana? Uwa ɗaya uba ɗaya?"

"Don uwa ɗaya uba ɗaya ne na fara da kai. In na bar ka ka wuce, da wane baki zan tsaida wani?"

Baba bai ba da buhun ba. Ya sa direba ya yi baya ya zagaya ta gonar mutane. Daga ranar ba su sake zama tabarma ɗaya ba. Ni na zama hanyarsu. In zan tafi ƙauye Baba ya ce, "Ki duba mini ko tarin nan ya sake shi," in zan dawo Bappa ya ce, "Uwata, ya ƙafar mutumin naki?" Ba mai cewa a gaida wani. Na yi faɗa, na yi kuka, na kira su tsofaffin yara gaban idonsu, duk a banza. Wallahi sun gajiyar da ni, su biyun.

Amma mutumin da ya tsaida ƙanenshi a hanya, shi ne kuma ya yi wa tsohuwar nan Badanda abin da ba ta manta ba. Wata shekara ambaliya ta cinye shinkafar bakin gulbi, mijinta ya rasu, anka kama ta tana tono murucin da anka dasa wa daji. Samari sunka ce a kai ta wurin ma'aikatan gandun daji. Bappa ya ce dokar gari ta isa: wanda ya tono, ya maida ƙwarya cike. Kowa ya san ba ta da ƙarfin zuwa Tudu. Da bazara ta zo, sai ga shugaban komite da ƙwarya a ka, cikin mata, yana duƙawa yana tsintar ƙwallo. An yi mishi dariya har anka gaji. Ya kai ya dasa, ya ce a shaida tsohuwa ta biya.

Ba zan ce komi nashi daidai ne ba. Masu gadi sun sha wuya a hannunshi. Ya hana su tafiya, ya kasa ciyar da su. Abin da ke rumbunshi ya raba musu har ya ƙare, rumbun mutum ɗaya kuwa ba ya riƙe daji. Tun bara samari ke cewa a saida giginyun Tudu a sallami masu gadi. Sun ce mazan giginyu kawai za a sare, namiji ai ba ya haihuwa, kuma shi ya fi azara mai kyau. Mu mata mun san inda anka kwashe mazan, matan giginyun ma ba su ƙara yin ƙwallon kirki, amma ba mace ko ɗaya a komite. Ribar ta maza ce, asarar tamu. Bappa kaɗai ya tare. Kowa kuma ya san wa zai saya in an saida: babu mai kamiyo da kuɗin da ya kai mahaifina.

Ciwon bai daɗe ba. Da hantsi ya cika, ina riƙe da ƙafarshi. Anka yi wanka, anka gama haƙa, sai maganar iccen da za a jera a rufe kushewa ta taso. Samari sunka ɗauko gatura. Babban mai gadi ya tsaya bakin zana ya ce, "Inna, mun yanke shawara. Mutum kamar Bappa ba a rufe shi da tarkacen icce. Za mu kada giginya guda a Tudu, don girmamawa."

Suna cikin haka sai ƙarar kamiyo. Baba ne, na buga mishi waya tun da safe. Ya zo da azara sabuwa daga shagonshi, ya sa anka sauke ƙofar gida. Idonshi ja. Ya ce, "Da wannan za a rufe ɗan'uwana."

Inna na zaune bayan zana, lulluɓe. Mace ce mai sanyin murya, amma ranar har waje anka ji ta.

"Ku aje gatura. In kunka sari guda yau don shi, gobe za ku sari goma don wani. Alhaji, kai kuma na gode, Allah shi saka. Amma marigayi ya bar magana. Ya ce a kwance rumfarshi."

Wani dattijo ya ce, "To ina masu gaisuwa za su zauna, da zafin ga?"

"Na tambaye shi. Ya ce su ɗanɗana."

Na ɗauka Baba zai yi fushi ya tafi, don na san halin gidanmu. Sai na ga ya cire babbar riga ya miƙa wa direba, ya taka turmi, ya fara kwance igiyar azara ta farko da hannunshi. Tsofaffin azarori ne, sun yi baƙi, ƙarfe ba ya shiga su da sauƙi. Anka yanyanka su, sunka bi Bappa. Kwana ukun nan duka, mutane na bin inuwar bango tana juyawa suna juyawa, Baba kuwa tsakiyar dirkokin ya zauna bai gusa ba. Na aika mishi da laima, ya maido.

Ranar sadakar bakwai, bayan an watse, komite ya zauna a wurin, cikin rana, kan maganar Tudu. Ban ci abinci ba ranar. Na share tsakar gida, na sake sharewa, na fita na dawo, har Inna ta ce in zauna ina sa mata jiri. Sai ta jawo ƙwarya daga ƙarƙashin gado, cike da ƙwallon giginya. Rabonta ne na bana, ta tsinto kafin ciwon ya kwantar da shi. Ta ce, "Ni ina takaba. Kai musu."

Mace ba ta shiga zaman komite. Na shiga. Na dire ƙwaryar tsakiyar tabarma na ce, "Inna ta ce ga na daji. Mu mata mun biya, kamar kowace shekara. Ku kuma a ji naku." Wani ya ce wa ya kira ni. Na ce wanda ya kira ni yana ƙarƙashin rumfarshi, ya je ya tambaye shi.

Babban mai gadi ya miƙe. "Ba mu ƙi tsoho ba. Ni ya riƙe ni kamar ɗanshi. Amma shi ya tahi da gaskiyarshi, mu muna nan da yunwarmu. Ɗiyana ba su cin inuwa." Ba wanda ya musa mishi, ni ma ban musa ba, don gaskiya ya faɗa.

Duk ido ya koma kan Baba. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar.

"Ba ni sayen Tudu," ya ce. "Wanda duk ya zo saye daga Malanville ko ƙetaren gadar gulbi, sai ya fara bi ta kaina. Kamiyona kuma, duk fitowa daga daji, buhu guda na masu gadi. Na baya da na hana, gobe za a kawo."

Mai gadin bai zauna ba. "Alhaji, mun gode. Bana mun tsira. In kai ma ka bi shi fa?"

Wasu manoma sunka sunkuyar da kai, ɗaya ya ce da kaka a zo gidanshi da kwano, wani ya ce sai ya ga yadda damina ta yi. Haka anka tashi. Tudu na tsaye, amma ba zan yi ƙarya in ce na san har yaushe ba. Wannan tambaya ta mai gadi ita ke hana ni sukuni har yanzu, ko a kasuwa nike ina awo sai ta faɗo mini.

Allah Ya jiƙan Bappa, Ya yafe mishi zafin kanshi, Ya sanyaya makwancinshi fiye da yadda ya bar muna ƙofar gida. Ya ba shi inuwar da ya yi rayuwarshi yana tsare wa waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Da la'asar ranar, Baba ya zo bakin zana yin sallama. Sabuwar azararshi na nan jibge inda anka sauke ta. Ya ce, "Innar yara, ga icce na kwance. Ki bari in sa a tada rumfar, gida ba ya zama haka."

Inna ta ce, "Ba da wannan ba."

"To da mi?"

Ta ce in ɗauko ƙwaryar. Na ɗauko, ta ce in ba shi.

"Ka dasa. In sun girma a yi rumfa."

Baba ya haura saba'in, ƙafa ɗaya ma ja yake. Ya dubi ƙwallayen, ya dube ni, na ɗauka dariya zai yi ko faɗa. Sai ya tattare rigarshi, ya karɓi ƙwaryar hannu biyu, ya rungume ta a ƙirji. Direba ya taso zai buɗe mishi ƙofar kamiyo, ya girgiza kai.

"Uwata," ya ce. Bai taɓa kirana haka ba, sunan da Bappa ke kirana da shi ne. "Shiga gaba. Ni a daji hanyar kamiyo kaɗai na sani."